Layin da Otis Ba Ya Tsallakewa

In ka tambayi mutanen garin nan wane ne Delbert Unruh, ba wanda zai ce maka manomi, ko da yake a gona aka yanke cibiyarsa. Direba za su ce maka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan bas ɗin 'yan makaranta a kan hanyoyin tsakuwa na yammacin Kansas, kuma rabin iyayen da ke garin yau sun taɓa zama a bayan ƙeyarsa suna tsotsar alewa a ɓoye. Har yanzu in suka yi kiciɓis da shi a kantin kayan gona, sai ka ga ƙato da gemu ya gyara tsayuwa. Ba duka yake yi ba, ko murya ba ya ɗagawa. Abin da yake da shi wani farin layi ne da aka ja a daɓen bas ɗin, daidai bayan kujerarsa. Muddin mota na tafiya, ba ƙafar da ke taka layin nan. In wani mai taurin kai ya taka, Delbert zai gangara gefen hanya, ya kashe inji, ya harɗe hannuwa, ya zauna yana kallon shanun mutane har sai sauran yaran sun yi wa mai laifin caa.

A duk shekarun nan ko ƙwarzane bai sami ɗan kowa a hannunsa ba. Abin da ya taɓa takewa kare ne. Wata safiya ce ta sanyi, a shekararsa ta tara da fara aiki. Wata 'yar aji biyu ta shigo ta zauna, karen da ya rako ta kuwa ya shige ƙarƙashin mota yana shinshinar wani abu. Delbert bai gan shi ba. Ya dai ji tayar baya ta ɗan ɗaga ta sauka, kamar ta hau kan buhu. Da ya duba madubi, yarinyar ya fara gani, ta manna fuska da gilashin baya. Wannan ɗagawar tayar ba ta ƙara barin jikinsa ba. Ya dawo gida ya ce wa matarsa Nadine shi da kare har abada, kuma haka aka yi shekara ashirin da 'yan kai.

Da ya yi ritaya aka yi masa aiki a ƙugu aka sa ƙarfe. Hawa bene ya gagare shi, sai suka sayar da tsohon gidan gona suka koma sabuwar unguwar da aka yanka a bakin gari. Gida ashirin da huɗu ne, kowa da filin ciyawarsa. Nasu ne na farko, yana fuskantar babban titi inda tirelolin shanu ke wucewa kamar an koro su. A tsallaken titin gonar alkama ce. A bayan gidan kuwa ciyawar daji ce, tun daga bakin fili har inda ido ya gaji.

Ba su cika shekara ba yayan Nadine ya rasu, ya bar gona da kare. Gonar 'ya'ya suka raba. Karen ba wanda ya so.

"Sunansa Otis," in ji Nadine, ta buɗe ƙofar bayan mota. Wani ƙaton jan kare ya diro, kai kamar ƙwarya, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance.

"Na san sunansa. Mayar da shi."

"Ina? Kabarin?"

"Nadine, mun yi magana da ke."

"Kai ka yi magana, Direba, ni lokacin ina wanke-wanke. Kauce, ka tare masa hanya."

Karen gona ne, bai san wani abu wai shi iyaka ba. Kwana biyar da zuwansa, Delbert na zaune a baranda da kofin gahawa, ya ga zomo ya tsallake titi, ya ga Otis ya bi shi, ya ga tirela. Birki ya yi kuka, warin taya ya cika unguwa, motar ta wuce tana zuba hon. Otis na can tsallake yana kaɗa wutsiya, ko a jikinsa. Delbert ya miƙe zumbur. Gahawar da ta zube masa a cinya ma bai ji zafinta ba sai can an jima.

A ranar ya tafi wajen Gaylene Ratzlaff, shugabar kwamitin unguwa, ya ce zai kafa shingen katako. Gaylene mace ce mai fara'a, sai dai ba a taɓa jin ta ce to ba. Ta ciro takardar da ya sa wa hannu ranar sayen gida, ta nuna masa wurin da farce: ba shinge, ba katanga, ba abin da zai tare wa maƙwabci kallon daji.

"Kallon me? Ciyawa ce fa."

"Ai ciyawar muka saya, Delbert. Gidajen kuwa kyauta aka ɗora mana a kai."

Ya gwada sarƙa. Kwana biyu Otis na kuka kamar gidan mutuwa, ya nannaɗe kansa a jikin bishiya har ya kusa shaƙewa. Nadine ta kwance shi da hannunta, ta ce yayanta bai taɓa ɗaure shi ba, ba kuma a gidanta za a fara ba. Aka koma tsare shi a ɗaki, ana buɗe ƙofa kamar masu gadin fursuna. Delbert ya fara ramewa. Ko karen na kwance a ƙafarsa, in mota ta taka birki a titi sai gabansa ya yanke ya faɗi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani tsalle yake.

Likitan dabbobi ne ya ba su lambar Rhonda Pettijohn, mai sa shingen da ba a gani. Doguwar mace ce, hannuwanta duk tabon haƙorin kwikwiyo. Ta baje kayanta a teburin kicin ta ce iri biyu ne. Akwai akwatin da ake ajewa a ɗaki, ba a haƙa komai, shi ke zana da'ira a iska kewaye da gida. Akwai kuma wayar da ake binnewa a ƙasa, a zagaye fili da ita. Ko wanne aka zaɓa, kare zai sa abin wuya mai batir, da 'yan ƙusoshi biyu marasa tsini da ke taɓa fata. In ya matso iyaka, abin ya yi masa ƙit-ƙit-ƙit. In ya ƙi ji ya ci gaba, lantarki ya ɗan ja shi.

"Ɗan ja," in ji Delbert. "Ɗan kamar yaya?"

"Kamar ka taɓa marfin mota ranar sanyi."

"Haka likita ya ce mini kafin ya yanka ni."

Ya ciro takarda daga aljihu, tambayoyi goma sha biyu ya rubuto. In batir ya mutu fa? In ƙanƙara ta rufe ƙasa? In tsawa ta faɗo? Karen wani zai iya shigowa? Rhonda ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce na waje na iya shigowa, don abin ba ya hana kowa sai mai sanye da shi. Ta ce akwai karen da in ya taho da gudu yakan fasa ya wuce, ya shanye zafin na daƙiƙa ɗaya. Na akwatin kuma iyakarsa takan ɗan yi yawo, yau a nan, gobe taku biyu gaba, in hadari ya haɗo ko babbar mota ta tsaya kusa.

"To kwashe akwatin nan daga teburin. Layin da ke yawo ba layi ba ne."

Sai ya ce a ba shi abin wuyan ya ji da jikinsa. Rhonda ta shimfiɗa guntuwar waya a tsakar fili, ta ɗaura masa abin a hannu.

"Sa a wuya mana," in ji Nadine daga baranda. "Ai shi a wuya zai sa."

"Hannun ma ya isa."

"Da na san da wannan abin, da tun muna amarci na saya maka."

Matakin zafin biyar ne. A na biyu ya ji kamar cizon cinnaka. A na huɗu hannunsa ya fizge da kansa, haƙoransa suka haɗu, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ya daɗe tsaye yana murza wurin, yana kallon Otis, Otis ma na kallonsa. Tsoro biyu suka haɗe masa a ƙirji. Ga tsoron ya zama shi ne mai azabtar da dabbar da ba ta yi masa komai ba, ga kuma tsoron sake jin taya ta ɗaga ta sauka. Kwana uku ya yi yana auna su, ba ya cin abincin kirki. Tirelolin ne suka yanke masa shawara, don ba su fasa wucewa ba. Ya kira Rhonda ya ce ta zo ta binne wayar.

"Ki sa na huɗu."

"Na biyu ya ishi wannan, Mista Unruh. Kare ne mai son a yabe shi."

"Tirela ba ta da na biyu."

Ta zo da injin da ke tsaga ƙasa kamar wuƙa a burodi, ta zagaye filin da waya. Inda ta iso simintin da mota ke bi zuwa gareji, ta yanka shi, ta cusa wayar, ta liƙe tsagar da baƙin ƙaro. Sannan ta kakkafa 'yan fararen tutoci a kan layin don kare ya ga abin da yake ji. Sati biyu, safe da yamma, Delbert na ɗingishi da igiya a hannu: su nufi tuta, abin ya yi ƙit-ƙit, ya juyo da karen da gudu su koma ciki, ya shafa kansa, ya ba shi nama. Sau biyu kacal lantarkin ya ja Otis. Na farko ya yi wata irin ƙara da ta sa Nadine ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Na biyu fitsari ya kufce masa a tsaye. Ba a yi na uku ba.

Ranar da Rhonda ta dawo cire tutocin ta ce, "Saura ƙofa."

Ta yi bayani. Za a zaɓi wuri ɗaya, kullum nan, a cire wa kare abin wuya, a sa masa igiya, a faɗi kalma ɗaya, a fita tare. Cikin sati guda zai gane cewa in yana tare da mai gidansa, ta nan ana wucewa lafiya. Delbert ya fara girgiza kai tun ba ta rufe baki ba.

"Kowa na yi, Mista Unruh."

"Shekara talatin da ɗaya na yi da yara. In yaro ya san akwai ranar da ake taka layi, kullum sai ya gwada ko yau ce ranar."

"Kare ba yaro ba ne."

"Gaskiyarki. Ya fi yaro gudu."

"To in za ku fita yawo fa?"

"Filin nan ya ishe shi yawo. In asibiti za shi, ya shiga mota a gareji, a cire abin, a rufe ƙofa. Ba ƙafarsa ce ta taka ba."

Rhonda ta dubi Nadine.

"Daina kallona, 'yar nan. Ni ma shekara arba'in da huɗu ina neman ƙofar."

Shekara biyu abin ya tafi yadda Delbert ke so. Ƙafar Otis ta fitar da wata 'yar hanya a cikin ciyawa, kamu ɗaya daga wayar, ta zagaye gidan kaf. Zomaye ma suka gane kan abin, sukan zauna daga waje kaɗan suna tauna, suna kallonsa. Ran ɗaya ga kowane wata Delbert ke canja batir, ko bai mutu ba. Ya mayar da jikinsa, ya koma zama a baranda har da gyangyaɗi. Wata rana ma ya yi gwaji: ya cire abin wuyan gaba ɗaya, ya jefa tsokar nama can waje. Otis ya zo bakin hanyarsa ya zauna yana dalalar da miyau, har hankaka ya zo ya ɗauke naman. Delbert ya shiga ya yanko masa wanda ya fi shi girma, kuma wannan labari ba wanda bai ji shi ba a teburin tsofaffi na gidan gahawa, wasu har sau uku.

Ranar wata Talata ce a watan Maris. Rabon ƙasa da ruwa tun Oktoba, ciyawar bayan gida ta bushe tana karyewa kamar tsinke. Tun da hantsi iska ta taso daga kudu maso yamma, irin wadda ke fizge ƙofar mota daga hannun mutum. Nadine ta ɗauki motar ta tafi coci, inda mata ke haɗuwa ɗinkin bargo. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, firij ya yi shiru. Abin da ya fara faɗo wa Delbert a rai shi ne wayar shingen ta mutu, ba komai ke nan tsakanin Otis da titi. Ya ɗingisa da sauri ya fita. Karen na nan tsaye a tsakar fili, amma hancinsa na sama, jikinsa na rawa.

Sai shi ma ya ji warin hayaƙi. Ya zagaya bayan gida. Rabin sama ya koma ruwan ƙasa, rana ta zama kamar tsohon kwabo. Can ƙasa, inda ciyawa ta haɗu da sama, wani siririn jan zare na motsi. Wani abu mai laushi ya sauka masa a bayan hannu. Toka ce, da ɗuminta.

Wayar aljihunsa ta yi ƙara, Nadine ce.

"Sun tare hanya a wajen gidan mai, sun hana ni wucewa. Ka ɗauki Otis ku fita, Delbert. Yanzu."

"Da wace motar?"

Sai a lokacin ta tuna cewa ita ce zaune a cikin motar. Nan take layin ya yanke.

Motar ɗan sanda ta shigo da jiniya, lasifika na faɗi: hayaƙi ya rufe titi gabas da yamma, kada kowa ya hau mota, a tsallaka a shiga alkama, can tsakiya. Duk wanda ya tashi a nan ya san alkamar Maris kore ce shar, wuta ba ta cin ta. Delbert ya ɗaga hannu, yana so ya ce a shigo da motar cikin fili a sa kare. Ɗan sandan ya leƙo ta taga bai ko tsaya ba.

"Gida ashirin da uku ke gabana, Mista Unruh. Tsallaka kawai, ga ta nan."

Taku sittin ne daga baranda zuwa alkamar. Delbert ya cire abin wuyan, ya nuna wa Otis, ya wurgar. Ya sa masa igiya. Suka taho tare lafiya lau har bakin 'yar hanyar da ƙafar karen ta fitar. Nan Otis ya tsaya cak.

"Ba komai, abokina. An ɗauke wuta. Taho."

Ya ja. Karen ya zauna ya kafe ƙafafu, wuyansa ya miƙe, idanu suka firfito. Ya ƙara ja da ƙarfi har ƙugun ƙarfen ya soke shi. Otis ya sunkuyar da kai ya zame daga igiyar, ya ja baya taku uku, ya tsaya yana kaɗa bakin wutsiya, yana kallonsa irin kallon ranar naman, kamar mai cewa na gane, gwaji ne, ba zan faɗi ba.

Delbert ya yi ƙoƙarin ɗaukarsa. Nauyin buhun siminti ne mai rai, ƙafafun gaba kawai ya iya ɗagawa. Ya jawo baro, ya ɗauko burodin da Nadine ta gasa ran Asabar ya yaudare shi ya hau, ya tura. Saura taku biyu Otis ya dire, baro ya kife, tsoho ya zube a gwiwa.

Yanzu ana jin wutar da kunne. Ba ƙarar murhu take ba, kamar jirgin ƙasa ne da ke ta zuwa bai iso ba. Zomaye suka fara fitowa daga ciyawa suna ratsa filin, suna bi ta gaban hancin Otis su tsallake titi. Barewa biyu suka wuce, ɗaya da hayaƙi a gashin bayanta. Otis ko kallonsu bai yi ba.

Gaylene na tsaye a bakin alkama, kyanwarta a kwando, ta ɗaure tawul a hanci. Iska na yanka maganarta.

"Bar shi, Delbert. In ya ga ka tafi zai biyo ka. Taho."

Ya ce a ransa wataƙila gaskiyarta. Ya miƙe, ya tsallake layin, ya hau kwalta, bai waiwaya ba sai a tsakiyar titi. Otis na tsaye daidai kan 'yar hanyarsa, yana ɗaga ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya, yana wani siririn kuka. A bayansa rumfar ajiyar kaya da ke ƙarshen fili ta fara hayaƙi. Ba zai biyo ba. Zai tsaya nan har wutar ta same shi, don an koya masa nan ne lafiya, kuma ga wanda ya koya masa tsaye a titi.

"Delbert, me kake jira?"

"Ki yi ciki, Gaylene."

Ya koma.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ya san da haka. Abin da Rhonda ta so a koya a sati ba zai koyu a minti uku ba. Ya durƙusa ya riƙe kan karen, su biyun hayaƙi na sa su hawaye, zafi na dukan fuskarsa kamar an buɗe tanda. Sai ya tuna mahaifinsa da wata goɗiya da ke ƙin hawa gadar katako. Tsohon yakan tuɓe riga ya rufe mata ido, ta bi shi kamar tunkiya.

Ya tuɓe tasa, ya tsoma ta a kwanon ruwan kare, ya naɗa masa a fuska, ya ɗaure hannayen rigar a ƙarƙashin haɓa. Otis ya sandare. Delbert ya mayar da igiyar ya matse ta, ya juya shi sau uku a wuri ɗaya, ya nufi gida da shi kamar za su shiga, sannan ya karkata ya hau simintin gareji. A kan ciyawa ƙafar karen za ta gane hanyarta ko da ido a rufe. Siminti kuwa duk ɗaya ne, hanci kuma hayaƙi ya riga ya kashe shi.

Ya rasa abin da zai riƙa ce masa, sai bakinsa ya kama jero gidajen da yake tsayawa da bas, da muryar nan tasa ta aiki da ba ta hawa ba ta sauka.

"Gidan Koehn. Gidan Schmidt na kan kwana. Gidan Jantz, yara uku, kullum a makare."

Taku, taku. Ga baƙar tsagar can a gabansu. Delbert ya ji hannunsa na so ya fizgi igiyar su wuce da sauri, ya hana shi. In karen ya ji igiya ta canja, shi ke nan.

"Gidan Becker. Gidan matar nan mai agwagi."

Ƙafafun gaba suka wuce. Ta baya ta sauka a kan tsagar daidai, ta ɗaga, ta wuce.

Kwalta ta yi zafi, tartsatsi na sauka a bayansa kamar harbin rina. Bai duba hagu ba bai duba dama ba, ba ma abin gani sai hayaƙi. A kwarin gefen titi ƙugun ya ƙi, ya zube da igiya naɗe a hannu. Gaylene ta aje kwandonta, ta kama shi ta ɗamara ta ja.

"Tsoho da kai, ba riga, ba hankali. Tashi."

Alkamar ba ta wuce idon sawu ba. Suka kutsa can tsakiya inda maƙwabta biyar suka riga su, kowa ya kwanta rub da ciki. Wutar ta iso bakin titi ta yi ruri, rana ta ɓace, zafi ya bi ta kansu. Delbert ya danne karen da ƙirjinsa, yana jin zuciyarsa na bugawa da tasa, bai san ta wa ta fi sauri ba.

Da ƙarar ta lafa ya kwance rigar. Otis ya ƙifta ido, ya ga alkama, ya ga titi, ya ga gidan a wancan gefen. Sai ya gane inda yake. Ya manna ciki da ƙasa, ya noƙe wuya, ya runtse ido yana jiran abin ya ja shi. Delbert ya sa tafin hannu a wuyan, daidai inda ƙusoshin suka cinye gashi suka bar tabo biyu, ya bar hannun a nan. Sun daɗe a haka.

Gida huɗu suka ƙone a unguwar, na can baya. Ba wanda ya mutu. 'Yan kwana-kwana sun tare wutar a bangon gidan su Delbert, rumfa ce ta tafi da ciyawar fili gaba ɗaya. Da la'asar aka buɗe hanya Nadine ta iso. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba riga, baya duk ɗigon ƙuna. Ta cire rigar sanyinta ta yafa masa.

Suka tsallako su uku. A bakin simintin, kamu ɗaya kafin tsagar, Otis ya tsaya. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ba ciyawa, ba lantarki, ba komai a wuyansa sai igiya, amma ya san wurin, daga waje ma kamar daga ciki.

"Sa shi a mota mu shiga da shi," in ji Nadine.

"A'a. Na yi masa wayo sau ɗaya yau, ya isa."

Ya lallaɓa ya zauna a ƙasa, daidai kan tsagar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"Har yaushe za ka zauna nan?"

"Har ya shiga da ƙafarsa."

"In ya kai sati fa?"

"Sai ki kawo mini kujera."

Ta tsaya tana kallonsu, tsoho da kare, duk sun yi baƙi kamar masu sayar da gawayi. Sannan ta shiga gida, ta fito da kwanon ruwa da ragowar burodi da guntun nama, ta yi nishi ta zauna kusa da shi a kan simintin. Ta raba burodin gida uku. Otis ya ci nasa daga waje, idonsa na kan ƙofar gidan.